Darasi Don Taron Ƙungiya: Tafiya Bai Ɗaya da Amfaninta a Gona

Kowace damina mukan ji kuka iri biyu daga wurin 'yan ƙungiyoyinmu a kan maganin ciyawa. Wani ya ce ya fesa amma ciyawa ba ta mutu ba, lalle jabu aka sayar masa. Wani kuma ya ce maganin ya cika ƙarfi, ya ƙone masa shuka. Wani lokaci kuwa daga kwali ɗaya ƙungiya ta raba wa su biyun, da injin feshi ɗaya kuma suka yi aiki. Gaskiya ne akwai jabun magani a kasuwa, ya kamata kuma mu yi hankali da shi. Amma sau da yawa laifin yana ƙafar mai feshi. Ɗaya ya yi sauri, ɗaya ya yi nawa.

Abin da zai warware mana wannan matsala yana cikin littafin kimiyya na 'ya'yanmu da ke sakandare. Darasi ne na fannin fiziks, watau ilimin motsi da ƙarfi da zafi da haske, mu kuwa za mu kira shi tafiya bai ɗaya. Muna roƙo a karanta wannan darasi a taron ƙungiya, a kuma gayyaci 'yan makaranta su zo da littattafansu da fensir, gama akwai lissafi kaɗan a ciki.

MENE NE TAFIYA BAI ƊAYA?

Abu yana tafiya bai ɗaya in yana bin miƙaƙƙen layi, yana kuma cin nisa daidai wa daida a cikin lokatai daidai wa daida. Ba ya ƙara sauri, ba ya ragewa, ba ya karkata hagu ko dama.

Bari mu ɗauki misali. An kafa turaku a kan hanya miƙaƙƙiya, tsakanin kowane turke da na gabansa mita 10. Mutum biyu suka bi hanyar, wani yana riƙe da agogo. Na farko ya kai turke na ɗaya a sakan 10, na biyu a sakan 20, na uku a sakan 30, na huɗu a sakan 40. Wannan tafiya bai ɗaya ce, mita 10 a kowane sakan 10. Mutum na biyu ya kai turke na ɗaya a sakan 6, na biyu a sakan 20, na uku a sakan 25, na huɗu a sakan 40. Ku lura, su biyun sun kai turke na huɗu a lokaci guda. Duk da haka tafiyar na biyun ba bai ɗaya ba ce, gama a wani wuri ya yi gudu, a wani wuri ya ja ƙafa.

Wani masani mutumin Italiya, Galileo, wanda aka haifa a 1564 ya rasu a 1642, shi ne ya bayyana wannan sosai a littafin da aka buga masa a 1638. Ya lura cewa bai isa a ce abu ya ci nisa daidai a lokatai daidai ba. Sai in haka ya tabbata a kowane lokaci da ka zaɓa, babba ko ƙarami. Mutum yana iya cin mita 60 a kowane minti, alhali a rabin mintin farko yana cin mita 50, a rabi na biyu mita 10. Mai duba minti-minti zai ce tafiyarsa daidai take, mai duba sakan-sakan kuwa zai kama shi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa in mun zo maganar feshi.

LISSAFIN SAURI DA NISA DA LOKACI

Abu uku ne a cikin lissafin: nisa, da lokaci, da sauri. In ka san biyu, za ka iya fitar da na ukun.

Sauri shi ne nisa a raba da lokaci.
Nisa shi ne sauri sau lokaci.
Lokaci shi ne nisa a raba da sauri.

Mutumin da ya ci mita 40 a sakan 40, saurinsa mita 1 ne a sakan. A minti ɗaya zai ci mita 60. A awa ɗaya akwai sakan 3,600, saboda haka zai ci mita 3,600, watau kilomita 3.6. Wannan tafiya ce ta mutumin da ba ya gaggawa, kuma kusan ita ce tafiyar da malaman gona suka saba koya wa masu feshi.

A makaranta akan sa yara su zana wannan a takarda. Sukan sa lokaci a layin kwance, nisa a layin tsaye, sa'an nan su ɗiga alama a inda kowane lokaci ya gamu da nisansa. In tafiya bai ɗaya ce, ɗigogin sukan jeru a miƙaƙƙen layi. In layin ya lanƙwashe, sauri ya canja ke nan. In ya kwanta, mai tafiya ya tsaya. Bari 'yan makaranta su zana na mutanen nan biyu a kan allo, ko a ƙasa da tsinke, domin kowa ya gani.

Akwai kuskure guda da yara kan yi a jarrabawa, manya kuma su yi shi a gona. Shi ne haɗa matsakaicin sauri da tafiya bai ɗaya. In motar haya ta yi kilomita 120 a awa 2, mukan ce matsakaicin saurinta kilomita 60 ne a awa. Amma mun san ta tsaya ɗaukar fasinja, ta rage gudu a ramuka, ta kuma zuba gudu inda kwalta take da kyau. Ga mai son sanin lokacin isa kasuwa, matsakaicin sauri ya isa. Ga mai feshi bai isa ba, domin kowane taku na gona yana shan nasa rabon magani ne gwargwadon saurin da aka bi ta kansa.

Kada kuma mu manta da maganar miƙaƙƙen layi. Mai keke da ke zagaya fili, ko da gudunsa bai canja ba, malaman kimiyya ba sa kiran tafiyarsa bai ɗaya, gama kullum yana canja inda ya nufa.

ME KE SA ABU YA YI TAFIYA BAI ƊAYA?

Mutanen dā, har da manyan masana, sun ɗauka cewa abu ba ya ci gaba da tafiya sai ana tura shi ko ana jansa. Haka ido yake gani: ka daina tura baro, sai ya tsaya. Galileo ya gane cewa abin da ke tsayar da baro shi ne gugar ƙasa da taya da gugar ƙarfe da ƙarfe. Bayansa Isaac Newton, mutumin Ingila, ya rubuta wannan a matsayin doka ta farko cikin dokokinsa uku na motsi, a littafinsa na 1687. Ma'anar dokar ita ce, abin da ke tsaye zai zauna a tsaye, abin da ke tafiya kuma zai ci gaba da tafiya bai ɗaya, sai in wani ƙarfi ya canja masa hali.

A nan duniya guga da iska ba sa barin kome ya yi ta tafiya shi kaɗai. Amma a sararin sama, inda babu iska, ana ganin gaskiyar dokar. A 1977 Amurka ta harba wani kumbo mai suna Voyager 1. Ya daɗe da wuce dukan duniyoyin da ke zagaya rana, yana kuma tafiya wajen kilomita 17 a kowane sakan, ba tare da wani inji yana tura shi gaba ba.

To, yaya shanu ke jan garma a kan sauri ɗaya alhali ƙasa tana riƙe ta? Amsar ita ce, ƙarfin da shanu ke ja gaba ya yi daidai da ƙarfin da ƙasa ke riƙewa baya. Biyun sun soke juna, sai garma ta yi ta tafiya bai ɗaya. Da ta shiga ƙasa mai tauri, riƙon ya fi jan, sai sauri ya ragu. Da ta fito ta shiga rairayi, jan ya fi riƙon, sai ka ga shanu sun zabura. Wannan doka kuma ita ce dalilin da mutanen da ke bayan akori-kura kan faɗi gaba in direba ya taka birki farat ɗaya. Mota ta tsaya, jikinsu kuwa yana neman ci gaba da tafiyarsa. Shi ya sa muke ɗaure buhuna da igiya, shi ya sa kuma bai kamata a zaunar da yara a kan kaya ba.

INJIN FESHI DA TAFIYAR MAI FESHI

Yanzu mu komo kan kukan da muka fara da shi. Injin feshi na goyo ba ya sanin girman gona. Abin da ya sani shi ne fitar da ruwa kaza a kowane minti, muddin ana buga famfo daidai. Ƙafar mai feshi ce ke raba wannan ruwa a kan ƙasa.

A ce bakin injinmu yana fitar da lita 1.2 a minti, faɗin feshinsa kuma mita 1 ne. Mai feshi yana tafiya mita 1 a sakan, watau mita 60 a minti. A minti ɗaya ya jiƙa fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 1, murabba'in mita 60 ke nan. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. In muka raba 10,000 da 60, za mu samu minti 167 ko kusa da haka. Minti 167 sau lita 1.2 ya ba mu lita 200 a hekta. Da tanki mai cin lita 15, zai cika sau 13 da ɗan ƙari.

A ce kuma takardar da ke jikin kwalbar magani ta ce a sa lita 4 a hekta. Wannan misali ne kawai, kowane magani da nasa awo, a bi abin da aka rubuta a jikinsa. Lita 4 cikin ruwa lita 200, kowace lita ta ruwa tana ɗaukar mililita 20, kowane tanki kuma mililita 300.

An haɗa magani daidai, ba kuskure. Sai mai feshi na farko ya yi ta jan ƙafa, rabin mita a sakan. A minti ɗaya mita 30 kaɗai ya ci, inji kuwa bai rage ruwansa ba. Hektarsa za ta sha lita 400, watau magani ninki biyu, lita 8 maimakon 4. Shuka tana iya ƙonewa. In maganin irin mai daɗewa a ƙasa ne, kamar atrazin da ake fesa wa masara, saurarsa tana iya cutar da wake ko gyaɗa da aka shuka a wurin daga baya. Ga kuma hasarar kuɗi: maganin da ƙungiya ta saya domin hekta 50 zai ƙare a hekta 25.

Mai feshi na biyu yana son ya gama kafin rana ta yi zafi, sai ya yi mita ɗaya da rabi a sakan, mita 90 a minti. Hektarsa ta sha lita 133 kawai, watau kashi biyu cikin uku na abin da ake bukata. Ciyawa ta yi yaushi kwana kaɗan, ta sake tashi. Dole ya sake sayen magani, ko ya koma ga fartanya. Nan maganar Hausawa ta cika, sauri ya haifi nawa. In kuma maganin ƙwari ne, ƙwarin da suka sha kaɗan suka tsira su ne za su hayayyafa, a hankali maganin ya daina cinsu.

Na uku shi ne wanda Galileo ya gargaɗe mu a kansa. Ya gama hekta da tanki 13 daidai, yana murna lissafinsa ya fita. Amma da tanki yana cike, lita 15 na ruwa nauyinsu kilo 15 ne ban da nauyin injin, sai ya yi ta tafiya a hankali. Da tanki ya yi sauƙi, sai ya ƙara sauri bai sani ba. Bayan mako biyu gonarsa za ta nuna: nan shuka ta yi ja, can ciyawa ta yi kore shar. Matsakaicin saurinsa daidai ne, amma tafiyarsa ba bai ɗaya ba ce.

Tsayawa ita ce ta fi duka ɓarna. Bakin da ke fitar da lita 1.2 a minti yana fitar da mililita 20 a sakan, wannan kuwa shi ne rabon murabba'in mita ɗaya. In mai feshi ya tsaya sakan 5 yana amsa gaisuwa bai saki maɓalli ba, ya zuba mililita 100 a wuri guda, ninki biyar ke nan. Shi ya sa mukan ga ƙuna a bakin kunya, inda ake juyawa.

YADDA ZA MU KOYI TAFIYAR

Muna ba kowace ƙungiya shawara ta ware yini guda kafin damina domin wannan gwaji. Da ruwa zalla za a yi shi, ban da magani.

Na ɗaya, a auna mita 50 a cikin gona, a kafa turke a kowane mita 10. A cikin gona za a yi, gama tafiya a kan huɗa dabam take da tafiya a kan hanya.

Na biyu, mai feshi ya goya tanki cike da ruwa, ya bi layin yana buga famfo kamar yadda zai yi ranar aiki. Wani ya riƙe agogo yana faɗin lokaci a kowane turke. Abin da ake nema shi ne 10, 20, 30, 40, 50. A maimaita da rabin tanki, a kuma maimaita da tanki da ya kusa ƙarewa, har lokutan su zo ɗaya.

In babu agogo mai nuna sakan, ko wayar da ke da shi, a ɗaure ƙaramin dutse a bakin zare mai tsawon mita 1, a rataye shi a reshe, a ɗan kaɗa shi kaɗan. Daga wannan gefe zuwa wancan yakan ɗauki kusan sakan ɗaya cif. Yaro ya tsaya yana ƙirgawa da ƙarfi.

Na uku, a auna ruwan da bakin inji ke fitarwa. A fesa cikin bokiti minti ɗaya, a auna da kwalba mai cin lita 1. A yi sau uku. In bakin ya tsufa ramin yakan faɗaɗa, ya riƙa fitar da ruwa fiye da dā, saboda haka a sake wannan awo kowace shekara.

Na huɗu, a fesa a busasshiyar ƙasa, a auna faɗin wurin da ya jiƙe. A riƙe sandar feshi a tsayi ɗaya kullum, gama in ta ɗaga faɗin ya ƙaru, in ta sauka ya ragu.

Na biyar, a auna fili mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Wannan kashi ɗaya ne cikin 100 na hekta. A cika tanki, a fesa filin, sa'an nan a auna ruwan da za a ƙara kafin tanki ya sake cika. In lita 2 ne, to, lita 200 ke nan a hekta. Da wannan adadi za a lissafa maganin kowane tanki. Kowane mai feshi ya san nasa adadi, magatakardan ƙungiya kuma ya rubuta a littafi.

Ranar aiki na gaske a saki maɓalli kafin a tsaya ko a juya. A sa doguwar riga da wando da takalmin roba da safar hannu, a rufe hanci da baki, kada a yi feshi cikin iska mai ƙarfi, a kuma yi wanka da sabulu bayan an gama. Yara su taimaka da agogo da lissafi ranar gwaji da ruwa, amma kada su taɓa magani.

WAƊANSU WURAREN DA LISSAFIN KE AMFANI

Masu shanun noma za su iya sanin tsawon aikinsu tun kafin su fita. Gona mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, in tsakanin kunya da kunya santimita 75 ne, tana ɗaukar kunya 133. Kunya 133 sau mita 100 ya zama kilomita 13.3. In shanu suna cin kilomita 3 a awa, huɗar za ta ci wajen awa huɗu da rabi, ban da juyawa da hutu. Ƙungiyar da ke ba da hayar shanu za ta iya tsara layin masu jira da wannan, ba tare da an gajiyar da dabbobi ko an yi wa wani alkawarin da ba za a cika ba.

Mai watsa taki da hannu shi ma dokar nan ta kama shi. In hannu yana watsawa daidai amma ƙafa tana canja sauri, wani wuri zai ƙoshi, wani ya yi yunwa.

Sauti ma yana tafiya bai ɗaya cikin iska, wajen mita 340 a sakan, watau kusan kilomita 1 a sakan 3. Haske kuwa yana cin wajen kilomita 300,000 a sakan, saboda haka walƙiya tana iso mu nan take, tsawa kuma ta biyo baya. In kun ga walƙiya, ku ƙirga sakan har ku ji tsawa, ku raba da 3, za ku san nisan hadarin a kilomita. In ƙirgar tana raguwa, hadari yana matsowa. Duk wanda ke jin tsawa, aradu tana iya kai masa, sai a bar gona a shiga ɗaki, kada a fake a gindin itace.

AIKI DON 'YAN MAKARANTA DA IYAYENSU

1. Yaro yana tuƙa keke mita 4 a sakan, tafiya bai ɗaya. Nisa nawa zai ci a minti 5?
2. Amalanke yana cin kilomita 4 a awa. Kasuwa tana da nisan kilomita 10. Awa nawa zai yi?
3. Mota ta yi kilomita 180 a awa 3. Mene ne matsakaicin saurinta? Wannan ya nuna tafiyarta bai ɗaya ce?
4. Mai feshi ya ci mita 50 a sakan 40. Bakin injinsa yana fitar da lita 1.2 a minti, faɗin feshi mita 1. Lita nawa zai zuba a hekta?
5. An ga walƙiya, aka ji tsawa bayan sakan 9. Ina nisan hadarin?

Amsoshi: (1) mita 1,200. (2) Awa biyu da rabi. (3) Kilomita 60 a awa. Bai nuna ba, sai an san yadda ta yi a kowane yanki na hanya. (4) Yana cin mita 75 a minti, saboda haka lita 160. (5) Wajen kilomita 3.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A TARO

Masu feshi nawa ne a ƙungiyarmu suka taɓa auna tafiyarsu da agogo? In muna biyan ɗan kwangilar feshi a kan yawan tankin da ya fesa, ko a kan yawan gonar da ya gama a yini, wace irin tafiya muke koya masa? Wace hanyar biya ce za ta fi? Wace rana za mu sa domin gwaji da ruwa, wa zai kawo igiyar awo, wa kuma zai riƙe littafi?

Muna so kowace ƙungiya da ta yi gwajin ta aiko mana da adadin da masu feshinta suka samu, domin mu gwada na wannan gunduma da na waccan. Allah ya ba mu damina mai albarka.